Dutsen Oumarou da Kwallin Idon Zalia

Duk wanda ya saba shiga jirgin ruwan Staten Island a New York da hantsi ya san wani dogon dattijo mai hular sanyi, wanda ke rungume da tsohuwar jaka a ƙirji kamar ya ɗauko jariri. Oumarou ke nan, mutumin Damagaram, mazaunin Park Hill. Yana idar da sallar asuba ya kurɓi shayinsa, ya kai jikarsa Zalia gidan reno, sai ya kama bas zuwa bakin ruwa, ya tsallaka, ya hau jirgin ƙasa har Harlem. Can yake yini yana bin shagunan mutanenmu da wuraren kitso. Ba ya sayar da komai. Abin da ke cikin jakar dutse ne guda a cikin kwalba mai murfi, sai kuma bakinsa da ba ya gajiya. Wasu na yi masa dariya. Ni dariyar ba ta zuwa mini, don na san abin da ya fito da shi.

Oumarou ya koyi aikin dutse tun yana saurayi a arewacin Nijar. Da ya zo ƙasar nan, wani kamfanin neman ma'adinai ya ɗauke shi, ya riƙa tura shi kowace bazara zuwa wani tsauni a gaɓar tekun Alaska, inda duwatsu ke miƙewa daga cikin ruwa kai tsaye, ƙanƙara ta rufe kawunansu. Ba hanyar mota, sai jirgi mai saukar ungulu. Masu haƙa su huda tsaunin, su zaro dutse dogo kamar rake. Shi kuma ya jera shi a akwatuna daidai yadda ya fito daga ƙasa, ya tsaga da zarto, rabi a kai awo, rabi a ajiye. In ya juya gutsure ɗaya baibai, masana za su zana taswirar ƙarya, a kai injin haƙa inda babu komai. Abokan aikinsa sun shaida ba a taɓa kama akwatin Oumarou a hargitse ba.

In ya samu mai saurare, ba ya ƙoshi da labarin tsaunin nan. Ya ce a can da, wurin ƙasan teku ne. Ruwan zafi ya riƙa ɓulɓulowa daga ciki yana zubar da tagulla da tutiya da dalma, da ɗan azurfa da zinariya, duk a cakuɗe. Daga baya ƙasa ta motsa, ta naɗe wurin kamar tabarma, ta ɗaga shi sama. Masu wankin zinariya ne suka fara tsintar gutsattsarinsa a rafi tun zamanin kakanni. Suka haƙa rami a gefen tsaunin, sanyi ya kore su. Wasu suka zo bayansu suka huda nan suka huda can, suka tattara suka tafi. Har yau ba a buɗe mahaƙa a wurin ba, kowa sai ya taɓo gefen arzikin ya rasa tsakiyarsa. Oumarou ya tsufa a cikin wannan nema, kuma bai taɓa jin haushi ba.

Mutum ne mai kaffa-kaffa. Kayan aikinsa a can yake barinsu, ko takalmi bai taɓa shigowa da shi gida ba, saboda ya san ƙurar dalma guba ce. Abu ɗaya kawai ya yarje wa kansa. Wata shekara ya roƙi wani gutsure mai nauyi, toka-toka, mai ƙyalli kamar madubi, ya kawo ya sa a kabad ɗin gilashi tsakanin tangaran ɗin matarsa Safiatou. Bai ce mata komai a kansa ba. A ganinsa ado ne, wa zai ci dutse?

A shekararsa ta ƙarshe a tsaunin, ya sauka New York da kaka ya tarar da gida tsit. 'Yarsa Zeinabou, uwar Zalia, ta tare shi tun a ƙofa.

"Baba, an yi ma Zalia test na shekara guda. Sun ce akwai dalma cikin jininta, da yawa."

Wanda ya ji labarin yaran Zamfara ba sai an yi masa bayani ba. Dalma ba ta ihu, a hankali take cin ƙwaƙwalwar yaro, ba za a gane ɓarnar ba sai lokacin magana ya zo, ko lokacin makaranta. Ya ɗauki yarinyar yana cewa, "Amaryata, mi ya same ki?" Ita kuwa sai wasa take da gemunsa.

Ma'aikatan lafiya sun riga sun zo, sun auna fentin bango da ruwan famfo, ba su samu komai ba. Sun yi tambayoyi, amma ranar Zeinabou na wurin aiki, Safiatou ce a gida, kuma Turancinta bai wuce a ce mata abu ta ce a'a ba. Aka sake awo, abin bai sauka ba. Oumarou ya daina cin abinci sosai. Ya bi gidan lungu-lungu yadda yake bin dutse, ya duba tukwane, ya duba kayan wasa. Tsoro ya kama shi irin wanda ko jirgi na rawa cikin hazo a kan teku bai taɓa ji ba.

Wata safiya yana zaune, Safiatou ta yi wa Zalia wanka, ta kwantar da ita a cinya, ta jawo 'yar tandu ta zizara mata kwalli. Yarinyar ta murje ido, ta kai yatsun baki. Oumarou ya miƙe a hankali ya nufi kabad. Dutsen na nan, amma kusurwa ɗaya ta fita.

"Safiatou, wa ya taɓa dutsin nan?"

"Ni ce, Malam. Tozalin da na zo da shi daga gida ya ƙare. Na ga naka irin na kasuwar Damagaram ne sak, har ya fi kyau. Na ɓantari kaɗan na niƙa."

"Wannan shi ne dalmar."

"Haba Malam. Da shi innata ta yi mini, da shi na yi ma Zeinabou. Maganin ido ne."

"Na Damagaram ɗin ma shi ne. Dutsi guda ne. Allah ne ya tsare mu."

Ta kalli yarinyar, sai hawaye. Ta shiga roƙonsa. "Don Allah kada ka faɗa musu. Mu jefar kawai. Ƙasar nan in sun ji, amshe ɗiyar za su yi."

Shi ma wannan tsoron na cikinsa, kowa a unguwar ya taɓa jin labari makamancin haka. Amma ya san likita ba zai iya aiki da abin da aka ɓoye masa ba. Ya ce, "Ni na kawo shi, ni na yi shiru a kansa. In laifi ne, nawa ne." Ya zuba dutsen da tandun a kwalba, ya saɓa Zalia a kafaɗa, ya nufi asibiti.

Ba a karɓe Zalia ba. Likitar ta saurare shi, ta gode masa, ta ce ba su kaɗai ba ne, ta sha ganin haka a gidajen baƙi daga ƙasashe dabam-dabam. Maganar nan ce ta hana shi zama. Ya ajiye aikin tsauni, ya ɗauki jaka.

Kai ne, Oumarou, ka tsaya gaban mata a wurin kitso ka fara da tonon asirin gidanka kafin ka taɓa na kowa. Kai ne wata mai shago a 125th Street ta ce wa, "Tsoho, bar mu da al'adarmu," ka yi murmushi, washegari ka dawo. Afua, 'yar Kumasi mai aikin jinya a gidajen tsofaffi, ta shaida cewa saboda kai ta kai tagwayenta awo, aka tari abin da wuri. Mai jera dutse, ba ka samo wa kamfani tsakiyar arzikin tsauni ba, amma ka gano abin da ke cikin tandun matanmu.

Dalmar jinin Zalia tana sauka, sai dai a hankali. Likita ta ce a zuba ido har ta shiga makaranta, ba wanda zai yi alkawari. Shi ya sa duk yamma za ka ga Oumarou ya durƙusa gabanta yana nuna mata cokali, yana nuna mata takalmi, yana jiran ta faɗi sunan. In ta faɗa, ya yi hamdala. In ta yi shiru, ya kawar da kai don kada ta ga fuskarsa.

Mun gode, Oumarou. Allah ya ba Zalia lafiya, ya sa ka ga ranar da za ta dame ka da surutu. Mu kuma sauran, wanda ya san haɗarin wani abu a sana'arsa kada ya bar sanin a wurin aiki, ya shigo da shi har ɗaki. A kai yara awo, a tambayi abin da ke cikin kwallin kafin a sa musu.

Kwanan baya an yi suna a unguwar Tompkinsville. Wata tsohuwa ta karɓi jaririn, ta zaro tandu daga jakarta. Oumarou na waje cikin maza, bai ma san ana yi ba. Safiatou ce ta taso daga inda take zaune, idanunta fari tas ba ɗigon kwalli, ta riƙe hannun tsohuwar.

"Inna, dakata," in ji ta. "Bari in ba ki labarin jikata."