Na Bi Shi Har Kudai Bai Gan Ni Ba

Wannan abu ya faru muna unguwar Nakkasa a Makka, kafin a rushe gidajen kan dutse. A shekarar ne maigidana ya fara karo da abubuwa. Ya yi karo da randa, ya yi karo da ƙyauren ɗaki, ya taka kyanwar maƙwabta, kuma duk ya ce su ne suka tare masa hanya.

Muka je mustashfa, wato asibiti. Daktur ya leƙa idon da fitila, ya ce hawan jinin ido ne. Ya ce ciwon daga gefe yake fara cin gani, sai mutum ya koma kamar mai leƙe ta bakin buta, kuma abin da ya ci ba ya amayarwa. Ya ba da maganin ɗigawa. Ya ce a bar taba, a riƙa tafiya a ƙasa.

Malam ya ce, "Taba kuma? Ai na bar ta tun ina da haƙora."

Ni dai na dubi aljihunsa.

To, abin mamaki, mutumin da ko gishiri ba ya sauka saye, sai ga shi kullum bayan asuba ya ɗaura takalmin jikanmu mai igiya, ya ce ya tafi motsa jiki. Ya ce ya sami abokai, tsofaffin 'yan ƙasar Sin da suka zo Umra, suna taruwa kusa da tashar motocin Kudai suna tafa hannu suna tafiya da baya da baya. Har ya gwada mana a tsakar gida, ya faɗa cikin kwanon wanki. Na yi hamdala. Sai dai kullum ya dawo yana ƙamshin na'ana'a, kamar wanda ya kwana a butar shayi.

Rannan na ja abayata na bi shi. Da farko na laɓe a bayansa. Da na gaji da laɓewa, ga ciwon gwiwa, sai na matso na jera da shi, kafaɗa da kafaɗa, ina jiran ya juyo mu yi ta. Bai juyo ba. Muka gangara dutse tare, muka tsallaka titi tare, yana ta 'yar waƙarsa.

A bayan wata babbar mota wani tsoho ɗan Sin yana jiransa, da farin gemu ƙwaya-ƙwaya. Ba mai jin yaren wani. Suka yi sallama, kowa ya fito da kwalbar magani. Ashe ciwonsu ɗaya. Tsohon ya ɗiga wa Malam, Malam ya ɗiga wa tsohon, rabi a ido rabi a kunci. Sannan tsohon ya ciro karan taba ya miƙa masa da hannu biyu, har da sunkuyawa, kamar mai ba da sadaki. Suka kunna. Suka shiga tafiya da baya suna busa hayaƙi, wai ana bin umarnin daktur.

Ina tsaye nan gefensa, in na miƙa hannu zan taɓa hularsa. Can ɗaya gefen na hangi wata 'yar tsohuwa da lema, ita ma a tsaye, ita ma ba a gan ta ba. Muka haɗa ido. Wallahi ban taɓa fahimtar mace kamar yadda na fahimce ta ba.

Ita ta fara, ta sauke wa mijinta lema. Ni na ce, "Malam, barka da motsa jiki."

Ya juyo da jikinsa duka, tabar ta faɗa cikin takalmi. Ya yi tsalle ya yi rawa, motsin da ya fi duk na watan.

"Hajiya! Daga ina?"

"Daga gida. Tare muka fito."

"Ƙarya ne, da na gan ki."

"A bakin shagon mai burodi ka tsaya ka sosa ƙeya. Ka yi waƙar da kake yi mini ina amarya, ka ɓata baiti na biyu. Ina nan dama da kai."

Sai ya miƙa hannunsa gefe yana motsa yatsu, yana neman su da ido, bai same su ba sai da ya kawo su gaban hanci. Ya ce a hankali, "Duk girmanki?"

Na ce, "Duk girmana."

Ya ciro ashana daga aljihu ya ba ni, da sauran na'ana'ar.

Har suka koma ƙasarsu, mu huɗu muke fita: maza a gaba, suna tafiya irin ta mutane, mu a baya da lema. Da za ta tafi ta bar mini lemar. Da muka koma wajen daktur ya ce ciwon bai ƙara ci ba, a ci gaba da magani.

Har yau muna fita bayan asuba. Amma yanzu gabansa nake shiga, ya ce can ne yake iya ganina.