Giginyar Inna

Ban taɓa ganin matsoraciya irin Faransa ba. Wai babbar ƙasa, ta ci mu, ta ci Dahome, amma ko akuya ce ta ƙetaro daga Kamba, wajen Ingilishi, sai kumandan na Gaya ya kasa cin abinci.

Gab da ƙarshen mulkinsu, ina da aure har da goyo, aka kai masa gulma cewa Ingilishi sun kafa doguwar tuta a bakin iyaka. Shi ke nan, hankalinsa ya tashi. Wai in muka riƙa hango tutar can sama da tasu, zuciyarmu za ta koma can. Ji shirme! Mu da muke zuwa Kamba biki da suna tun ba a haifi kakansa ba.

Ya tura wani gardi, ɗan sandansu, ya nemo itacen da ya fi kowanne tsawo, don tutarsu ta ɗara ta Ingilishi. Gardin ya rasa wanda zai nuna sai giginyar Inna, mahaifiyata. Babanmu ne ya shuka ta kafin ya rasu. 'Ya'yanta Inna ke binnewa ta haƙo muruci ta sayar, da shi ta raine mu.

Inna ta je bariki roƙo. Tafintan kumandan ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ya ce maganar tsaron ƙasa ce."

Ta ce, "Ɗana, tambaye shi, wa ya kawo yaƙi?"

Bai tambaya ba. Suka sare ta, shanu suka jawo ta, aka kafe ta kan tudu aka ɗaura mata ƙyallensu. Wan mijina da ke Kamba ya rantse daga can ko alamarta ba a gani.

Tun daga ranar, kullum la'asar Inna za ta ɗauki tabarma ta je ta jingina da gungumen nan mai ɗauke da tutar, wurin da babu inuwa ko ta kaza. Kumandan ya gani, daɗi kamar ya kashe shi. Duk baƙon da ya zo daga Yamai sai ya ja shi ya nuna masa tsohuwa mai ƙaunar Faransa. Har wata lamba ya sa aka maƙala mata a zane. Sakarai!

Raina ya ɓaci, na same ta can na ce, "Inna, gari fa ana cewa kin zama 'yar Nasara. Ki tashi mu tafi gida."

Ta shafa gungumen, ba ta ko ɗaga kai ta dubi tutar ba. Ta ce, "Su rataya abin da suka ga dama. Abin da hannun ubanku ya taɓa, wannan kaɗai ya rage mini."

Na ce ta matsa, na zauna.