Tamil ɗin da Na Tsinta a Kicin ɗin Deira

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar watan Yuli, shekarar da na cika takwas, Abba ya ɗauko mu daga filin jirgi, ni da Umma, ya kawo mu gidan da za mu zauna a Deira, bayan tashar bas ta Al Sabkha. Zafin Dubai ba irin na Kano ba ne, jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar an lulluɓe shi da tsumman da aka tsoma a ruwan zafi. Muka hau bene muna haki da jakunkuna, Abba ya buɗe wata ƙofa, sai ga wata tsohuwa zaune a ƙasa, siririya, baƙa, gashinta fari fat, tana tsince shinkafa a faranti. Umma ta ɗan mintsine ni a kafaɗa, na gane nufinta. Na durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya mini, na ce, "Sannu da gida, Kaka." Tsohuwar ta ɗago ta ƙura mini ido. Na ɗauka ba ta ji ba, na ƙara ɗaga murya na sake gaishe ta. Sai ta ajiye farantin ta soma wata irin magana mai gudu, wadda ba ta da wurin numfashi, tana nuna ni da yatsa. Matar ɗanta ta fito daga kicin da ludayi a hannu, jikarta ta leƙo ta bayan labule, Abba yana ta ba da haƙuri da Turanci bai san laifin da aka yi ba. Sai bayan watanni na gano cewa a yarensu, Tamil, kaakkaa hankaka ne. Ke nan tun ban ajiye jakata ba na durƙusa na kira uwar masu gida hankaka a gaban iyalinta.

Gidan fulat ɗaya ne da aka raba da katako. Sunan Raja ne a takardar haya, ɗan tsohuwar, wanda yake aikin akanta a wani kantin yadi. Mu a ƙarƙashinsa muke zaune. Matarsa Selvi, 'yarsu Kavita sa'ata ce, tsohuwar kuma kowa Paati yake ce mata, wato kaka a yarensu. Abba yana aikin kago, yana haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya yana aika musu gida, ba ya dawowa sai ya gaji liƙis. Kicin ɗaya muke da shi, banɗaki ɗaya, katakon da ke tsakaninmu kuwa ko tari ba ya tarewa. Ni ina kiran Umma da Abba, Kavita tana kiran Amma da Appa, sau da yawa uwar da ba ita ake kira ba ce take amsawa, sannan ta ja tsaki idan ta gane.

A kicin aka yi yawancin yaƙin. Umma tana dafa wa 'yan kasuwar da ke sauka a ƙananan otal-otal na unguwar abincin gida, tuwon shinkafa da miyar kuka, wani lokaci masa da miyar taushe, domin mutum ya kwana uku yana cin biriyani sai ransa ya nemi tuwo. Aikina ne yanka albasa, wanke manyan tukwane, jera kuloli a bakin ƙofa, da kai shanya saman bene in ɗaure ta da kyau kada iskar teku ta kwashe. Da Umma ta jefa daddawa a tukunya sai Selvi ta toshe hanci da bakin sari, dogon zanen da take yafawa, ta buɗe taga da ƙarfi har gilashi ya yi ƙara. Da Selvi ta watsa 'ya'yan mastad da busasshen barkono a tafasasshen mai sai Umma ta kama tarin da ya fi na gaskiya. Kowace safiya Paati tana zana wani zane da garin shinkafa a bakin ƙofar shiga, ɗigo-ɗigo da layuka masu zagaye su. Umma ta tabbata asiri ne, ba ta tsallake shi sai da addu'a, masu zuwa ɗaukar abinci kuma suna tattake shi da takalma, tsohuwar ta bi bayansu da zagi har matakala. Abu ɗaya da muka haɗu a kansa shi ne tsamiya, mu mu yi kunu, su su yi wani romo mai yaji da ita, ita ma kowa ya ɓoye tasa a can ƙuryar kabad. Umma takan yi habaicinta da Hausa tana tuƙa tuwo, Selvi ta mayar da nata da Tamil tana niƙa, babu mai jin ta wata, amma kowacce ta san an taɓa ta. "Yare kamar ana tuyar gugguru," in ji Umma, "ba kai ba gindi."

Makaranta ɗaya aka sa mu da Kavita, ta Indiyawa, bas ɗaya muke shiga, ba ta taɓa zama kusa da ni ba. Da la'asar yaran benen sukan taru a sama, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Maza su yi wasan ƙwallon kurket da guntun katako, mata su zauna da wani allo mai ramuka suna zuba ƙwallon tsamiya a ciki suna ƙirgawa da sauri. Ranar da na matsa na nuna ina son shiga, Kavita ta ce da Turanci sai na faɗi sunan ayaba da yarensu. Ta faɗa a hankali, waazhaippazham. Akwai wani sauti a cikin kalmar har wuri biyu, ba ra ba ne, ba la ba ne, ba ya ba ne, ana naɗe harshe baya har ya kusa taɓa ganɗa amma kada ya taɓa. Na gwada, suka fashe da dariya har wata ta kwanta a siminti. Daga ranar duk inda na gifta sai in ji kaakkaa, kaakkaa, suna kaɗa hannuwa kamar fukafukai. Wata yarinya 'yar ajinmu ce ta gaya mini ma'anarta a layin famfo, ba don tausayi ba, don ta ga yadda fuskata za ta yi. Ban yi kuka a gabanta ba. Amma a bas ɗin komawa gida na ƙudurta a raina cewa ba za a sake zagina da abin da ban sani ba.

Babu wanda ya koya mini. Ina wanke-wanke ne kaina a sunkuye, kunnena a buɗe. Na fara da abin da ake yawan faɗa wa yaro: waa, zo, poo, tafi, tanni, ruwa, ille, babu. Harshena na Hausa ya taimake ni fiye da yadda na zata. Mu ma muna ja wa wasali tsawo ma'ana ta sauya, mu ma muna nanata baƙi, kuma ra ɗin da ke cikin ruwa da rana ta riga ta koya wa harshena naɗewa baya. A banɗaki nake gwada sunan ayaba, famfo a buɗe don kada a ji, har ranar da ya fito daidai. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yadda suke ajiye aikatau a ƙarshen magana. Za a ambaci Umma, a ambaci tukunya, a ambaci gobe, amma ba za ki san abin da za a yi da su ba sai kalmar ƙarshe, ita kuma doguwa ce, an yi ta liƙa mata gutsattsari a wutsiya, wanda ya yi, da lokacin da ya yi, da ko ma bai yi ba. Idan tukunyarsu mai fito ta busa a daidai nan, shi ke nan na yi asarar jimlar gaba ɗaya.

Na kuma gano abin da babu a Hausa. Mu ɗinsu iri biyu ne. Idan Selvi ta ce naama, ta haɗa da wanda take yi wa magana. Idan ta ce naanga, ta fitar da shi, su ne ban da kai. A saman bene, ko da Kavita ta juyo tana kallon idona ta ce za su yi wasa, naanga take cewa, ƙawayenta su yi murmushi don suna ganin ban san an rufe mini ƙofa da kalma ɗaya ba. Na sani, kuma na yi shiru. Shekara kusan biyu ina ɗauke da yarensu a ciki, ko Umma ban gaya wa ba, don na san ranar da ta ji, Selvi ma ta ji.

Wata ranar Asabar da hantsi, Umma ta shiga wanka, ina tsaye ina kankare ƙanzon tuwo, Selvi da Raja suka shigo kicin suna magana kamar babu kowa, yadda suka saba. Ƙanenta zai zo daga ƙasarsu neman aiki, tana son ɗakinmu. Raja ya ce ba zai iya kallon idon Abba ya kore shi haka kawai ba. Ta ce ba sai ya kore shi ba. Umma tana sayar da abinci ba ta da izini, waya ɗaya za a buga wa hukumar gari ranar da tukwane suke kan wuta, su da kansu za su kwashe mu, wataƙila har a mayar da mu ƙasarmu. Na tsaya da cokali a hannu ina jiran kalmar ƙarshe ta Raja, ko za ta ƙare da ille. Bai ce ille ba. Ya ce a bari sai Alhamis.

Da Abba ya dawo na ja su can nesa da katako na gaya musu. Umma ta fara cewa ƙarya nake yi, a ina zan ji wannan yaren, sai na maimaita mata maganar da Tamil cikin raɗa, kalma bayan kalma. Ta daɗe tana kallona kamar ba ita ta haife ni ba. Abba ya sa takalmi ya fita. Kafin gari ya waye sosai an kwashe manyan tukwanen da kulolin zuwa gidan wata 'yar Damagaram, ƙawar Umma, an gaya wa masu cin tuwo kada wanda ya sake hawowa benen.

Selvi ta shiga kicin ta tarar da wurin tukwanen fayau. Ta fara da mijinta, ya rantse bai faɗa ba. Ta juya kan Kavita, ta ce ita ce ta kai magana makaranta, ta kama ta da mari tana jan kitsonta, yarinyar tana ihu tana cewa ba ta san komai ba. Ba zan ce tausayinta ne ya fito da ni ba. Na gaji ne da riƙe abin, kuma ina son ganin fuskar Selvi. Na tsaya a bakin ƙofar kicin na ce da Tamil, "Ba ita ba ce. Ni na ji. Duk abin da kuke faɗa ina ji." Suna da kalmar girmamawa da ake kiran babba da ita, niinga, na san ta sarai. Nii na ce mata, yadda ake ce wa yaro. Hannun Selvi ya saki kitson. Paati, da ke zaune a ƙasa, ta ce in sake faɗa, na sake. Ta girgiza kai ta ce wa matar ɗanta, "Da muryata take magana."

Bayan wannan gidan ya yi tsit. Babu habaici, babu tarin ƙarya. A cikin ɗakinsu ma raɗa suke yi, idan na shiga kicin sai su fita. Kavita ba ta gode mini ba. Ta tare ni a matakala, idonta a kumbure, ta ce mini tirudi, wato ɓarauniya, ta ce ko a gidansu yanzu ba su da wurin magana saboda ni. Raja ya sami Abba ya ce mu nemi wani wuri kafin ƙarshen wata, Abba ya ce dama ya riga ya samu.

Ranar da za mu tashi, Umma ta wuce su ko kallo ba ta yi musu ba. Ni ce ta ƙarshen fita, ina rungume da buhun garin kuka. A al'adarsu ba a ce wa mai tafiya tafi kawai, ana ganin mugun baki ne, sai dai a ce je ka ka dawo. Selvi ta san na san haka. Ta tsaya ta harɗe hannuwa ta ce, "Poo." Paati ba ta ɗago daga shinkafarta ba, kuma fuskarta ba ta saki ba, amma da na zo gifta ta sai na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Poyittu waa," je ki ki dawo. Har yau ban sani ba ko da niyya ta faɗa, ko bakinta ne ya saba. Ban koma ba, ban kuma sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yanzu ina ba da magani a wani ƙaramin asibiti a Muhaisnah, inda ma'aikatan gine-gine suke kwana. Da yamma layi yakan cika da maza masu ƙurar siminti a gira, da yawansu Tamil ne, suna miƙo takarda suna neman Turancin da zai faɗi inda yake musu ciwo. Idan na ce musu da yarensu su sha bayan cin abinci, sai mutum ya ja da baya ya dubi mayafina ya dubi fuskata. Wani dattijo ya yi dariya har da hawaye, ya ce ina magana kamar tsofaffin ƙauyensu idan suna faɗa da maƙwabta. Ban iya karanta rubutunsu mai zagaye-zagaye ba, ban san kalmar da suke lallashin yaro da ita ba, domin ba a taɓa faɗarta inda nake ba. 'Ya'yana suna zaune a gidan da bangonsa na siminti ne, ba su san sunan maƙwabcinmu ba balle yarensa, kuma babu wanda ya taɓa sa su kuka a saman bene. Na gode wa Allah da hakan. Amma wani lokaci ina girki ni kaɗai, shirun kicin ɗin yakan yi mini yawa. Na daina jin haushin mutanen nan tun tuni, muryarsu ce dai ta ƙi rabuwa da bakina.