Ranar da Cittarmu Ta Dawo Gida a Kwalba

Shekarun baya, ina amarya da goyon fari a Kafanchan, ƙanina ya dawo hutu daga karatu a Turai. Gida ya cika, ni kuwa ido na kan jakar tsaraba. Aka zo kaina sai ya miƙo mini 'yar kwalba mai murfin zinare, wai kayan shayi ne na manya. Na buɗe na shinshina, sai atishawa. Citta ce, jama'a, garin citta aka ɗauko mana tun daga Turai zuwa Kafanchan.

A ranar aminiyata tana gidan. 'Yar Fadan Kagoma ce, Kirista, citta take nomawa tun rasuwar mijinta. Sallama ma ta zo yi mini. Noman ya gajiyar da ita, dillalai na kwashe ɗanyar citta a wulaƙance, ta yanke shawarar barin yaranta uku wurin kakarsu ta tafi aikatau Abuja. Tun safe nake ɓoye hawaye.

Ƙanina ya juya kwalbar don ya kare kansa, sai ga sunan Najeriya a bayanta. Shi ma bai lura ba sai lokacin. Da ya faɗi kuɗin da ya saye ta, aminiyata ta ajiye kofin kununta.

"Ƙanenmu, faɗi gaskiya saboda Allah. Wannan ɗan ƙaramin abu?"

Ta sa na ɗauko mudu muka juye. Ko gindin mudun bai rufe ba, alhali kuɗinsa sun fi abin da ake ba ta a mudu cike da tozo. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki, ita tana kiran Yesu, ni ina salati.

Ƙanina ya ce ai abin da yake karanta ke nan, yadda ake auna tazara tsakanin mai samu da marar samu. Wai ana aunawa tsakanin ƙasa da ƙasa, ana kuma aunawa a cikin ƙasa ɗaya. Ya ce matar da ke jera kwalaben a kantin da ya sayo ta can Turai ta fi aminiyata samu nesa ba kusa ba, amma a garinsu talaka ce, da ƙyar take biyan haya. Mai motar da ke lodin citta a nan kuwa ya fi su duka biyun. Ni dai ban gane rabin bayanin ba. Abin da na riƙe shi ne, tsakanin gonarta da kwalbar nan babu wani sihiri sai tsagawa, shanya, niƙa da murfi mai kyau.

Na kama hannunta na ce, "Maman yara, ki ba ni kakar citta ɗaya, mu gwada niƙawa mu sayar da kanmu. In bai yiwu ba, ni zan raka ki tasha."

Tsakar gidana ta koma mashanya. Matan cocinsu biyu suka shigo, na jawo uku daga Islamiyyarmu. A zuciyata har na hango mu a jirgin sama. Maigidana ya riƙa kirana Hajiya mai kamfani, yana atishawa yana tambayar yaushe za a kai wa Turawa. Zumuɗi ya sa na ɗura kashin farko a kwalabe bai gama bushewa ba, duk ya yi fumfuna. Na yi kuka kamar an yi mutuwa, ita ce ma ke lallashina.

Kashi na biyu ya yi kyau. Turai dai ba mu kai ba, iyakarmu masu shayi da shagunan Jos da Kaduna, amma abin ya riƙe gida.

Har yau in na ji ana musun wace ƙasa ta fi wace arziki, nakan yi shiru, don na san tazarar tana nan, ba mu muka rage ta ba. Abin da Allah Ya ba mu iko a kai kaɗan ne, na kuma gode maSa. Aminiyata ba ta je Abuja ba. Ita ta yaye autanta da hannunta, ita ta kai babbar 'yarta makarantar kwana, ni na riƙe mata akwati.