Kunnen Baba da Babur Mai Caji

Surukina, mahaifin maigidana, idonsa ya tafi tun kafin a kawo ni gidan. Baba muke ce masa. Amma bai taɓa yarda wani ya ja masa sanda ba. Kowace salla da ƙafarsa yake zuwa masallacin da ke ɗaya unguwar, ta wata 'yar siririyar hanya da ta ratsa tsakanin gonarmu da ta maƙwabta. A wajenmu gona a jikin gona take, ba mai barin ƙasa zaune don a faɗaɗa hanya, saboda haka in dawa ta yi tsayi mutum biyu ba sa jerawa. Da kunne Baba yake tafiya. In ya jiyo babur tun daga nesa, sai ya raɓe jikin gambar da ke kan iyaka ya jira ya wuce. Har masu baburan ya sani. Zai ce, "Wannan mai shayi ne, har yau bai gyara salansarsa ba."

Da aka cire tallafin mai, hanyar ta yi shiru. 'Yan acaɓa da yawa suka jingine baburansu suka koma gona. Maigidan ya dawo daga kasuwar Tsanyawa wata rana ya ce mana mai shagon babura ya koma sayar da takin zamani, sababbin babura suna tsaye a bayan buhuna, gizo-gizo ya yi saƙa a madubansu.

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a firamaren garinmu, daga bayan azahar zuwa la'asar. Muna cikin karatu sai ga motar ɗaukar kaya ta shigo filin makaranta da lasifika, aka sauke babura, aka ɗaura wani ƙyalle a jikin darbejiya. Malamarmu ta ce in karanta wa aji abin da aka rubuta. Na bi shi a hankali ta taga: ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara.

Wata 'yar ajinmu ta ce, "To da me yake tafiya, da addu'a?"

Mai lasifikar ya ce caji ake yi masa kamar waya, kuma sun riga sun shirya da mai shagon cajin waya, mai sola. Ya ce su ba 'yan acaɓa suka zo nema ba. Wanda bai taɓa hawa ba suke nema, manomi, malamin makaranta, liman, har mata. Koyarwa kyauta, hular kwano kyauta, in ka iya a bar maka shi ya kwana a gidanka ka gwada. Ya hango mu a taga ya ce, "Hajiya, ke ma fito ki hau."

'Yar ajin tamu ta ce, "In na hau, kai za ka riƙe min zani?"

Muna dariya wani ya wuce ta gindin tagar a kan babur ɗin. Ina ganin taya tana juyawa, ina ganin rigar mutumin tana kaɗawa, amma abin da kunnena yake ji shi ne allin malama a kan allo. Ban taɓa ganin abu mai gudu haka ba ya kuka ba.

Cikin waɗanda suka koya har da ɗana na fari. Sunan Baba aka sa masa, don haka sunan ya fi ƙarfin bakina ta hanya biyu, ga kunyar ɗan fari ga ta suruki. Magidanci ne a lokacin, amma bai taɓa hawan abin da ya wuce keke ba. Ya sayar da san da ya turke, ya kawo babur ƙofar gida. Ina daga bayan katanga ina jin su da kakansa.

"Tsoho, fito ka shafa amaryata."

Baba ya fito ya shafa kujera, ya shafa madubi, ya ce, "Tayar da shi in ji muryarsa."

"Ai a tashe yake."

"Ƙarya kake, takwara. Ka ba da sa mai kuka ka karɓo bebe. An cuce ka da rana tsaka."

"Beben nan sai ya kawo ni bayanka na cire maka hula ba ka sani ba."

"Kai ɗin? Tun kana rarrafe nake jin zuwanka. Da kunnen nan na kama ka kana sace min goro."

Duk gidan aka yi dariya. Wasan jika da kaka ne, ba mai shiga tsakani, kuma ba wanda ya ɗauki maganar hular da wani nauyi.

Ranar da abin ya faru an tashe mu daga aji ana kiran la'asar. Dawa ta fitar da kai, hanyar ta zama kamar lungu. Na hango Baba yana tahowa da sandarsa, na raɓe gefe zan durƙusa in gaishe shi. Sai na ga babur ɗin a bayansa, yana tafe a hankali. Ɗan nawa ne a kai, ya saki hannu ɗaya ya miƙa shi wajen hular Baba, yana cije leɓe don kada dariya ta kufce masa. Baba kuwa tafiyarsa yake a tsakiyar hanya, yana jan carbi, fuskarsa a sake.

Na buɗe baki, amma ba sunan da zan kira. Abin da ya fito shi ne "kai, kai," da muryar da na saba magana da ita a gaban suruki, wadda ba ta wuce tsawon tabarma.

Hannu ya taɓa hula. Baba ya zabura ya juya da sanda, sandar ta shige cikin tayar gaba. Na ga tsoho ya tashi sama kaɗan ya faɗi ta gefen ƙugu, babur ya kwanta a kan ƙafarsa, yaron ya faɗa cikin dawa. Tayar baya ta ci gaba da juyawa, ita ma ba ƙara. Ban ji komai ba sai karyewar kara da numfashin Baba.

Bai yi ihu ba. Yana kwance yana lalube ƙasa da hannu, yana cewa, "Ba kowa a hanyar nan. Na saurara, ba kowa." Yaron ya ɗage babur ɗin yana kuka yana cewa, "Ni ne, tsoho, ni ne." Baba bai daina maimaita maganarsa ba har mutanen masallaci suka zo suka ɗauke shi.

Ƙashin cinya ne ya karye. Mai ɗori ya zo daga garin gaba ya ɗaure shi, Baba ya kwanta har aka girbe dawa aka ɗaure dammuna. Maigidan ya rantse sai an mayar da babur ɗin inda aka sayo shi. Baba ya hana. Ya ce, "Tsakanina da takwarana ne, ba ruwanka. Ya ce zai cire hula, ya cire."

Yaron ya nemo gwangwanayen madara ya zuba tsakuwa, ya ɗaura a bayan babur. Duk inda ya bi ana yi masa dariya, bai kwance ba. Amma motar nan ta sake dawowa filin makaranta, ta sake sauke kaya. Liman ya karɓi ɗaya, malamin firamare ya karɓa, mai shayi ma ya sayar da tsohon nasa. Maigidan ya ce shagon Tsanyawa ya kwashe buhunan taki, yanzu babur mai caji sai ka jira a kawo maka daga Birni. Da yaron ya kaɗa wa Baba gwangwanayen don ya ji, Baba ya ce, "Naka na ji shi. Na sauran fa?"

Da ƙafar ta warke, wata la'asar ya nemi sandarsa. Ya hana kowa raka shi. Na biyo shi daga nesa kamar zan duba awaki. Ya isa bakin hanyar ya tsaya, ya karkata kai yana saurare. An sare kara, fili fetal, ana hango masallacin. Ashe ya ji takuna.

"'Yar nan, akwai wani abu a hanya?"

Na duba gabas, na duba yamma. Na ce, "Ba kowa, Baba."

Ya ce, "Ranar ma haka kunnena ya gaya min."

Yana nan tsaye aka tayar da iƙama, muna jiyo kabbarar liman. Ya ɗaga sandar kamar zai taka, ya mayar da ita. Sannan ya juyo wajen gida, ya ce a shimfiɗa masa buzu a zaure. Na shiga na ɗauko, na daidaita masa shi da alƙibla, na ajiye buta kusa da hannunsa na dama. A nan yake salla har yau.