Allon Ma'aikata a Tsakar Gidanmu

A duk Zongon Kumasi babu mai murnar sauyin gwamnati kamar Baba, alhali ko jam'iyya ba shi da ita. Sana'arsa rubuta allunan shaguna da fenti, kuma tun yana saurayi shi ke rubuta babban allon ofishin ma'aikatar ciniki na garinmu. Kowace gwamnati ta hau sai ta taɓa ma'aikatar nan. Yau a haɗa ta da ta makamashi, gobe a raba su a liƙa mata masana'antu. Suna na canzawa, sai a aiko kiran Baba.

Ni ce 'yarsa ta fari, na san alamar. Da rediyo ya faɗi sabon suna, sai ya jiƙa buroshinsa a kananzir, ya sa Mma ta goge masa farar riga. Ba ya kankare tsohon rubutu, sai dai ya shafe da farin fenti ya ɗora sabo. Wai mutanen da suka ci abinci a ƙarƙashin wancan suna suna nan da ransu.

"Su yi ta haɗawa," in ji Mma, "mu wutar lantarki koraa, ko ƙyallinta, ba mu gani ba."

"Bar su," ya ce. "Ni dai rubutun hannuna yana bakin titi."

Karo na ƙarshe ya riga ya tsufa. Ya jiƙa buroshi, aka goge riga, ya zauna a ƙofar gida. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe. Ba wanda ya zo. Tausayinsa ya koma mini haushi, na ce ya haƙura, ya yi kamar ba da shi nake ba. Ya tafi ofishin da kansa, ya tarar an rataya leda mai sheƙi da inji ya buga, allonsa kuwa yana jingine a bayan gini. Ya roƙi mai gadi, ya ɗoro shi a keken kaya.

Mma ta ce allon zai yi mata teburin koko. Ko kallonta bai yi ba. A tsakar gida ya shafe shi fari, ya rubuta sabon sunan a hankali, babu mai karantawa sai mu da kaji.

Bayan rasuwarsa ma'aikatar ta sake suna. Na ji a rediyo, har na ɗauko kwalbar kananzir. Sai na tuna rubutun wa zan shafe, na mayar da kwalbar.