Baba Mai Dalma da Surukinsa

Baba Mai Dalma ya tsufa a shagonsa na gyaran rediyo, ƙarƙashin wata fanka mai fiffike biyu. Cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ta gaji hannunsa. Tun tana ƙarama take riƙe masa waya yana liƙi, kuma duk abin da ya gagare ta, gabansa take direwa.

Bayan ta yi aure ta fara haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai. A cikinsa akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa, ba ta fi farce ba, ita ke kunna hita da fanka. Sai injin ya riƙa ɗaukewa haka kawai, ƙwai su huce. Ta kinkimo shi zuwa shago. Baba ya sa mita, ya shinshina, ya kara kunne. Bai gano komai ba.

Mijinta, mai aikin kwamfuta, ya zo ɗaukarta. Ya durƙusa ya gai da Baba, sannan ya ce mata a hankali, "Me zai hana ki sa shi ya faɗa miki da bakinsa?"

Ya jona siririyar waya daga ƙwaƙwalwar zuwa kwamfutarsa. Auta ta rubuta mata umarni: kowane mataki za ta ɗauka, ta aiko da saƙo. Rubutu ya fara gangarowa: "na tashi", "zafi ya kai", "zan kunna fanka", sai kuma "na tashi". Wato da an kunna fanka sai ƙwaƙwalwar ta ɗauke, ta sake farawa.

"Baba, fanka ce ke janye wuta!" in ji Auta. Amma mijin take kallo, tana dariya.

Kallon nan ne ya sosa wa Baba rai. "Da ma fankar nake zargi," ya ce, ya juya baya.

Daga ranar, in ta zo da tambaya sai ya ce, "Je ki wurin mai injin surutu."

Matarsa ta ce, "Malam, an ce kishi kumallon mata, ashe har da masu furfura."

"Wane kishi? Abin da za ka tambaya ya ba ka amsa, ina gwaninta a ciki?"

Duk da haka ya sayo irin siririyar wayar nan a ɓoye. Ya je wurin maƙwabcinsa mai buga takardu, ya rantsar da shi kada kowa ya ji. Suka jona wani tsohon allon Auta mai irin ƙwaƙwalwar nan da kwamfutar maƙwabcin. Abin da ya fito tarkacen alamomi ne, babu kalma ko ɗaya, don saurin aika saƙon bai zo daidai da na kwamfutar ba.

"Ka gani?" in ji Baba. "Har shi ma ya zaɓi wanda zai yi wa magana."

Ya naɗe wayar, ya ce gobe zai dawo.